Huhun Ogan

Ran Talata suka aiko yaro har Aboabo,
wai a zo da baduku, ogan ɗin cocin Metodis ya shaƙe.
Na ce ni takalmi na sani, da kube, da jakar mata.
Yaron ya ce, Baba, fata dai fata ce, taso.

Na tarar da shi tsaye, kansa na taɓa rufi,
bututai jere kamar karan dawa bayan girbi,
wani kaurin cinyata, wani bai kai ɗan yatsa ba.
Maame Adwoa Sarpon ta danna farin haƙori ɗaya,
abin ya yi huci irin na tsoho a kan tudu,
ya yi shiru.

Muka zagaya bayansa da tocila.
Ashe zugazugi ne a cikinsa, irin na maƙera,
sai dai wannan ya yi faɗin gado.
Ɓera ya ci kusurwa, damina ta ci saura.

A gabansa akwai allon tagulla.
Opanyin Boakye ya goge shi da gefen zanensa, ya karanta mini:
da kuɗin koko aka saye shi, da na mata masu tuyar kifi,
sisi da taro, shekara shida ana tarawa,
domin 'ya'yan cocin da suka tafi yaƙin Bama ba su komo ba.
Suna goma sha ɗaya.
Kwabena Ntim. Yaw Berko. Kwasi Adusei.

Na ce, dakata. Maimaita na biyun.

Kakana, Kofur Nagoma, in zazzaɓi ya kayar da shi
sunan nan yake kira cikin dare:
Yawu Barko, miƙo gora.
Yawu Barko, sunkuya!
Ya ce bargo ɗaya suka raba a dajin matsattsaku,
in zai yi salla wancan ya riƙe masa bindiga,
in wancan na waƙar cocinsu ƙasa-ƙasa, shi ya yi gadi.
Ɗaya ya dawo Kumasi da tari, da lamba a cikin gwangwanin taba.
Ɗaya ya zama layi a jikin tagulla.
Kakana ba ya kan allon kowa,
kabarinsa a Tafo ma ruwa ya daɗe da shafe shi.

Ban faɗa musu ba. Na auna, na yanka.
Fatar akuya ce da na jeme da bagaruwa da hannuna,
na fere ta har ta yi laushin kunnen jariri.
Kwana tara ina durƙushe cikin hanjin katako,
gam a yatsu, yanar gizo a gemu.
In azahar ta yi na fita gindin mangwaro na shimfiɗa buhu,
mai gadi ya ajiye mini ruwa a buta
ban roƙa ba.

Ran na goma Maame ta tuɓe takalmi,
ta taka katakon ƙasa da tafin ƙafa.
Babban bututun ya buɗe baki.
Kafin kunnena ya ji, haƙarƙarina ya riga ji.
Jemagu biyu suka fice ta taga,
Opanyin ya dafa benci, leɓensa na motsi.
Ban san waƙar ba, ba kuma tawa ba ce,
amma numfashin da ke ɗauke da ita
na san akuyar, na san wanda ya yi kiwonta.

Da ya ƙirgo kuɗi na ɗauki na gam da na mota.
Ya ce, saura fa?
Na ce a sayi man goge tagulla,
na biyu daga sama ya fara dushewa.
Ku kuma ɗana tarko a bayan nan,
ɓeran bai mutu ba, na ga kashinsa.